Warkin da Na Lausasa wa Wani

Har yau idan na ji warin fatar da aka jeme da bagaruwa, sai cinyoyina su soma ƙaiƙayi. Bari in gaya maka dalili.

Shekarata goma sha uku a lokacin, Turawa ba su tafi ba tukuna. Mahaifina ya rasu, ni da innata muna zaune a gidan kakana a Wudil, a wani ɗaki kusa da rumbuna. Kakan nan tsohon ɗan kokawa ne, kuma ba abin da nake so a duniya kamar ya dube ni.

Da ruwan farko ya sauka sai ya kira ni zaure, ya miƙo mini warki sabo fil, irin fatar da 'yan kokawa ke ɗaurawa a ƙugu. Fatar bunsuru ce, ta bushe ƙamas, in ka lanƙwasa ta har ƙara take yi.

"Na kokawar bana ne," in ji shi. "Ka sa shi kullum har ya yi laushi."

Na shafe shi da man shanu, na murza shi har tafin hannuna ya yi ja. Na naɗe shi na daka a turmi. Da shi na yi noman fari, da shi na yi maimai, gumi yana jiƙa shi, rana tana sake busar da shi. Gefensa ya yanka mini cinyoyi, gyambon ya ƙi warkewa, ina tafiya a tattale yara suna dariya. Inna takan shafa mini man kaɗanya. Kafin gero ya nuna, warkin ya kwanta a jikina kamar tare aka haife mu.

Bayan girbi aka sa ranar kokawa, wata Juma'a da la'asar, a kan yashin bakin kogi. Da hantsi kakana ya ce in kawo warkin ya duba ɗinkinsa. Na jira har aka soma kiɗa, bai dawo da shi ba. Da na isa fili sai na gan shi a ƙugun ɗan baffana, tsarana, wanda ya yi daminar a Kano wajen dangin uwarsa. Mutum biyu ya kayar ran nan.

Washegari na durƙusa a zaure. "Baba Tsoho, ai nawa ne."

"Yaushe na ce naka ne? Jikinku ɗaya, shi ya sa na ba ka. Shi fatarsa ba ta jure wa sabon warki."

Ko ɗagowa bai yi ba daga igiyar da yake tufka. Na ruga wurin inna ina kuka. Ta ci gaba da tankaɗe, can ta ce, "Na sani tun ranar farko. A gidan nan muke ci, ɗana."

Wannan ta fi yi mini ciwo. Ban sake shiga fili ba.

Yanzu gari ya cinye gonakinmu, samari kuma da gajeren wando suke kokawa, ba wanda zai sha wahalar fata. Ni da ɗan baffana kaɗai muka rage daga wancan gida. Bara na je gaishe da ɗan baffan nawa, idonsa ya tafi, muna hirar zamanin da. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ka tuna warkin nan nawa? Ban taɓa sa abu mai laushinsa ba. Wane majemi ne ya yi shi?"

Ashe shekarun nan duka bai sani ba. Sai na ce masa majemin ya jima da barin sana'a.