Ɗigon Allura a Shafi na Sha Bakwai

Ni ban wuce aji huɗu na firamare ba. Hausa ina karanta ta a hankali, da yatsa a kan layi. Turanci kuwa sai dai in kalle shi ya kalle ni. Amma littafin nan na Turanci da ke cikin adakata, babu shafinsa ko ɗaya da bai bi ta hannuna ba.

Maigidana mai buga tafireta ne a wani ofishin gwamnati a Birnin Kebbi, muna hayar ciki da falo a Gwadangaji. Shekarar da na sami cikin fari aka kawo musu kwamfuta daga Sakkwato, guda ɗaya tak, aka ware mata ɗaki har da labule. Injiniyan da ya kafa ta ya bar tulin takardu da rubutun hannunsa, bayanin yadda ake ba ta umarni, aka ce maigida ya buga su su zama littafi. Lokacin ana kwashe masu tafireta ana tura su ƙananan hukumomi na nesa. Shugabansu bai ɓoye masa ba: in littafin ya yi kyau zai zauna a ɗakin kwamfuta, in bai yi ba sunansa na cikin masu tafiya. Tun ranar da ya faɗa mini, abinci ya daina yi mini daɗi. Ina tunanin haihuwa, ina tunanin a jefa shi wani ƙauye da mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa.

Wata Asabar da hantsi ya baza takardun gwaji a tabarma, ni ina gefe ina ɗinkin hula. Mai ɗinkin hula idonta ya saba da ƙirgen zare, in ɗinki ɗaya ya goce tun daga nesa za ta gani. Na lura kowane shafi tafiyarsa iri ɗaya ce: dogayen layuka, sai wani gajere da aka tura ciki, shi kaɗai, da fili sama da ƙasa. A shafi ɗaya sai na ga gajeren ya dawo gefe ya manne da dogayen. Na nuna da tsinin allura na ce wannan ya fita daga sahu.

Ya ɗauka ya daɗe yana dubawa. Ya ce gajeren layin nan shi ne abin da mutum zai buga wa na'urar daidai yadda yake, dogayen kuwa bayani ne kawai. In suka haɗe, mai koyo zai kwashe duka ya buga, na'urar ta ƙi, a ce littafin banza ne.

“Ashe da sufeto nake zaune ban sani ba,” in ji shi. “Ranki ya daɗe, ga sauran.”

Da cikin ya shiga wata takwas Inna ta aiko aka tafi da ni Argungu, haihuwar fari a gida ake yi. Na haifi 'ya mace. Ranar suna maigida ya zo da abokansa, iyakarsa zaure. Da aka miƙa masa jaririyar ma kunya ba ta bar shi ya kalle ta da kyau ba. Ni kuwa ta kafar ƙyaure na hango gefen hularsa, wadda na ɗinka, shi ke nan.

Akwai wani kawuna direba da ke jigila tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Kowace Juma'a sai ya ajiye mini ambulan. Babu wasiƙa a ciki, maigida na jin nauyin kada wani a gidan ya buɗe. Shafuka ne kawai. Nakan shinshina su kafin in duba, warin tawada da ɗan ƙamshin turarensa.

Bayan wankan safe, jikina na tururi da ruwan darbejiya, in na sha kunun kanwa sai in shimfiɗa su a bayan faifai. Ban san abin da suke cewa ba, na dai san yadda ya kamata su zauna. Wani sa'in kan magana da manyan baƙaƙe ya maƙale a ƙasan shafi shi kaɗai, bayaninsa ya tsallaka gaba ya bar shi. Wani sa'in layi ya zarce har bakin takarda wutsiyarsa ta yanke. Lambar shafi da ke zama a tsakiya ta koma hagu, ko ta ɓace. A jerin lambobi, huɗu ta ƙi tsayawa ƙarƙashin uku. Duk inda na gani sai in soka allura a gefen layin, kamar yadda nake sa alama a hula. Shi kuma maigida, in kawu ya mayar masa, ya ɗaga takardar ga haske ya bi hudojin.

Inna ba ta so. Ta ce mai jego ba ta ƙure ido, zai lalace.

“Ke wagga, mi kike biɗa cikin takardun da ba ki jin yarensu?”

Na ce aikin malam ne. Ban faɗa mata sauran ba. 'Yar fari ce, ba dama in zauna ina kallon jaririyar a gaban mutane, ga shi ni kuma kowane motsi nata tsoro yake ba ni. Maɗigarta na bugawa da sauri, numfashinta ya yi ƙasa, ta yi atishawa sau biyu. Sai in kwantar da ita kusa da faifan, a ga kamar takarda nake dubawa.

Aka yi arba'in, Inna ta ce ban yi ƙwari ba tukuna, in ƙara wata. A cikin watan ne ambulan ta zo da wasu takardu daban, dogaye, masu laushi kamar an shafe su da kaki, baƙaƙen ba tawada, sai an ɗaga ga rana ake ganinsu. Na ce a raina sabon samfuri ne. Na duba, na sami wurare, na soka allura kamar kullum. A shafi na sha bakwai gajeren layin nan ya sake mannewa da dogayen, sai na jera masa huji bakwai don kada ya wuce shi. Ina cikin mayar da su ambulan wata 'yar takarda ta faɗo daga ƙasa, da rubutun hannunsa, wasiƙarsa ta farko gare ni. Ya ce waɗannan su ne uwar bugu, da su za a juya littafin a inji, duk inda aka huda tawada za ta bi ta fito. In duba da ido kawai, kada allura ta taɓa su.

Na zauna riƙe da takardar har yarinya ta yi kuka Inna ta ɗauke ta ban ji ba. Na roƙi Inna ta bar ni in bi kawu in je in yi bayani da bakina. Ta ce ko ƙofar gida. Satin nan ruwan nonona har raguwa ya yi.

Juma'a kawu ya shigo yana dariya. Wai maigida ya ce a gaya wa sufeto akwai wani jan magani kamar jan farce da ake toshe huji da shi, ya toshe, kuma duk inda ta nuna gaskiya ne, an gyara.

Littafin ya karɓu. Ya karɓu har aka aika da kwafi Sakkwato, manyan can suka tambayi wanda ya buga shi. Ni ina ta haɗa kayan komawa Gwadangaji, sai ga shi ya zo da kansa, wannan karon har tsakar gida. Ya gaishe da Inna, ya jira ta shiga ɗaki, sannan ya ce an ɗauke shi zuwa babban ofishi a Sakkwato. Ci gaba ne. A can su uku ne a ɗaki ɗaya, in dakata a gida har ya sami wuri.

Na ce Allah ya sa alheri. Ya miƙo mini kwafi ɗaya. Na buɗe shafi na sha bakwai, gajeren layin yana zaune a wurinsa da filinsa sama da ƙasa, a gefensa kuma ga ɗigon tawada bakwai a jere.

“Wannan ido ne ya tsallake,” in ji shi, yana kallon yarinya.

Ban yarda ba, mutumin da ya toshe duk sauran, huji bakwai a jere ba za su tsallake masa ido ba.

Yanzu yarinyar tana kama bango tana tsayawa. Maigida yakan zo ƙarshen wata, ya kwana biyu, ya ce ɗakin da aka nuna masa ba rijiya, ko ya yi nisa da ofis. A can suna da masu duba aiki waɗanda suka yi makaranta, ba a aiko mini da komai. Wani lokaci nakan ce da na bar layi biyu ko uku a karkace, da littafin ya yi kyau daidai zaman Birnin Kebbi, bai kai ga idon Sakkwato ba. Sai in yi istigfari.

Ranar Juma'a in na ji tsayuwar motar kawu, har yanzu nakan saɓi yarinya in fita zaure. Yakan miƙo mata ƙosai ko lemo, ya ce malam na gaisuwa in ya ji daga gare shi. In bai ji ba ma haka yake cewa.