Sabo Ya Tafi, Birki Yana Kuka

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin dama koko da safiyar yau aka bugo mini waya wai Sabo bakanike ya rasu. Sabo na bayan Tina Junction, mai gyaran birki. Ludayin ya suɓuce mini.

Jikan ƙawata ne, marigayiya Iya Talatu. Tun yana yawo ba wando nake ce masa maigida, shi kuma ya ce mini uwargida. Ya girma, ya yi gemu, ya tara 'ya'ya, ban fasa ba.

In na je garejinsa sai in ce, "Wane irin miji ne wannan, kullum baƙi ƙirin kamar gindin tukunya?"

Ya ce, "Uwargida, ai ke ce kika ƙi saya mini sabulu."

Sai ya cire hularsa ya kakkaɓe mini benci, ya aika a gaso mini masara mai taushi, wai saboda haƙoran da ba ni da su.

Ku da kuka san ni kun san halina. Ni ce na ce wa jikokina na taɓa korar kura da muciya a Dutse Uku, har ta waiwayo ta ba ni haƙuri. Saboda haka a gidanmu duk maganar da ta fito daga bakina sai an tace ta kafin a sha.

To, shekarun baya motar ɗana Kabiru ta fara wani ɗan kuka. Ni a baya nake zama, kuma gilashi a sauke, don sanyin mota mura yake sa ni. Shi yana gaba da rediyonsa, ba ya jin komai. Na ce, "Kabiru, tayar nan tana magana." Yara suka kwashe da dariya, "Kaka ta fara!"

Ranar da muka biya garejin da motar na sake faɗa, Sabo kaɗai bai yi dariya ba. Ya ajiye sifanar da yake kwance noti da ita, ya tsuguna a gabana ya ce, "Uwargida, yi mini kukan."

Na ce, "A gaban mutane?"

Ya ce, "Motar ba za ta yi shi a tsaye ba. Ke za ki yi."

Na gyara mayafi na yi masa: ƙiii, ƙiii. Ya tambaye ni ko sai an taka birki ne, ko kuwa ko ana tafiya. Na ce ko ana tafiya. Ya tambayi wane gefe, na nuna. Ya kafa jak, ya kwance tayar, ya zaro wata 'yar tsakuwa da ta maƙale a bayan faifan birki. Ya miƙo mini ita hannu biyu ya ce ga sadakina.

Tana nan cikin kwanon 'yan kunnena.

Daga nan ya koya mini muryoyinsu. Ya ce in ƙara ce siririya kuma sai an taka, to fad ne, wato ɗan abin da ke damƙe faifan ya tsayar da taya, ya fara siɗewa yana neman canji. In ƙwas ƙwas ne a kan gargada, wani abu ya saki, a ɗaure. "Amma in kika ji gurrr, kamar ana niƙa a kan dutse, kada ki yi wasa da wannan ko da kuwa ke ce."

Ranar Litinin ɗin nan da ta wuce na ji gurrr.

Muna gangarowa daga Titin Bauchi ne, Kabiru ya taka birki, abin ya ratso ta ƙarƙashin kujerata har cikin ƙashin bayana. Na faɗa masa. Ya ce, "Hajiya, titin ne." Kashegari na tari keke napep ni kaɗai na tafi wurin Sabo.

Na same shi zaune cikin rigar sanyi da tsakar rana, ya rame, yana tari. Na ce, "Maigida, wa ya hana ka tuwo?" Ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya ce, "Yi mini kukan."

Na yi.

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Fad ya ƙare, ƙarfe ne yake cin ƙarfe. Akwai tafiya a gabanku?"

Na ce bikin 'yar ƙanwata a Akwanga, ranar Asabar.

"Ta Hawan Kibo?" Ya kama gefen bencin. "Uwargida, na roƙe ki don Allah, kada motar nan ta sauka dutsen nan da yara a ciki. A kawo mini ita, ko a kwance nake zan sa a kwance ta a gabana."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Na kai wa Kabiru saƙon. Ya ce to, zai kai, bari kasuwa ta lafa. Na ga bakinsa yana motsi, dariya yake haɗiyewa, ya ɗauka na ƙara gishiri kamar kullum. Ban ga laifinsa sosai ba. Ita kuma motar, kamar ta sani, in yana saurare sai ta yi lamo.

Yau Juma'a. Gobe ce tafiyar.

Duk wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo ya san abin da nake faɗa. Gangara ce mai lanƙwasa, manyan motoci gaba da baya, ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa. Jikokina an gama musu ɗinkin anko, tun jiya suke rigimar wa zai zauna bakin taga. Ina kallonsu ina tuna maganar Sabo. Mutum ɗaya ne a garin nan in na ce taya tana magana yake ajiye sifana ya saurara, kuma an ce mini ya tafi.

Da maza suka fita jana'iza, na shiga ɗakin Kabiru na ɗauke makullin motar na ƙulle a haɓar zanina. Na zauna a tsakar gida ina jiran faɗa. Na shirya masa tsaf.

Ya dawo da jar ƙasar maƙabarta a takalminsa. Bai tambayi makulli ba. Ya tsuguna a gabana ya ce, "Hajiya, yi mini kukan."

Na buɗe baki, sai nawa ya fito maimakon na motar. Sai da na sha ruwa sannan na iya.

Ya kira abokin aikin Sabo, suka kafa jak a ƙofar gida, suka kwance tayar da na nuna. Yanzun nan Kabiru ya shigo da fad ɗin a tafin hannunsa. Babu komai a jikinsa sai ƙarfe tsirara yana ƙyalli, faifan ma duk ya yi zane. Ya kalli yaran, ya kalle ni, ya fita.

Gobe motar haya za mu hau. Makullin kuma yana nan a zanina sai an gama gyara na ji da kunnena.

Ya Allah, Sabo ya tsare mini jikoki yana kan ciwonsa. Ka tsare shi daga azabar kabari, Ka yafe masa, Ka haskaka makwancinsa, Ka raya abin da ya bari, Ka ba matarsa haƙuri.

Ku da kuka karanta, ku taya ni da addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce ku karanta masa. Wannan karon ban ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya ba.