Kiran da Na Ƙi Amsawa a Kogon Khaibar

Har yau ban manta ranar ba, ko da yake a gidanmu na unguwar Bani Harisa abin ya zama na dariya.

Da na gama sakandare, yayana, direban wasu masu tonon kayan tarihi, ya samo mini aikin dafa musu shayi a wani kogo kusa da Khaibar. Shugabarsu 'yar Girka ce, Daktora muke ce mata. A mota ta ba mu labarin kogon da ta tona a ƙasarsu, inda mutanen zamanin da suke kai wa wasu 'yan mata marasa ganuwa kyautar fitilu da tukwane. Yaya ya fassara mini da kalma ɗaya: "Aljanu."

Umma kuwa sharaɗi ɗaya ta kafa mini: in aka kira ni ban ga mai kiran ba, kada in amsa.

Wata rana kowa ya fita cin abinci, na shiga kwashe kofuna. Sai murya ta taso daga ƙarƙashin ƙasa, tana kiran "'yata" da Larabci: "Ya binti! Ya binti!"

Na ƙame. Na kama Ayatul Kursiyyu, na rikice, na koma Fatiha.

"Don Allah!" in ji muryar. "Sannu da aiki!"

Na ja da baya. Aljanar har Hausa take ji! Na manta sam ni na koya wa Daktora 'yan kalmomin nan. Na ɗauki butar shayin da ya huce na wurga wajen muryar. Sai ga faɗa da wani yaren da ban taɓa ji ba.

"In ke mutum ce, yi bismilla!" na ce da Larabci. Ban amsa ba fa, tambaya na yi.

Can, a gajiye, muryar ta ce: "Bismillah. Yalla, maza, tsani!"

Ashe Daktora ce, tsanin ramin da take tono ne ya zame, ta gurɗe ƙafa. Na ruga na kira Yaya, suka fito da ita, gashinta duk ganyen na'ana'ar shayin.

Na saddaƙar an kore ni. Sai ta ce ta tsufa tana tonon inda ake kai wa aljanu kyauta, yau ita aka kai wa. Aikina ya tsira, amma a bakin kogo nake tsayawa.

Kwanan nan Umma ta ƙwala mini kira daga kicin, na yi shiru sai da na leƙa na ga fuskarta.

"Ke, kurma ce?"

"Ai ke kika ce, Umma."

"To, bismilla. Zo ki wanke tukunya."