Waƙar Rakiyar Amarya da Ta Maƙale a Faifai

Na shafe shekaru ina gyaran kwamfuta a Bosso, kuma aiki iri-iri ya ratsa ta kan teburina, amma ranar da na bi sawun wata waƙa har unguwar Maitumbi ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da hannuna ya daina iya riƙe sukudireba.

Wadda ta kawo aikin maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwa Bagwariya, tsohuwar malamar firamare da ke jagorantar mawaƙan mata a cocinsu. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kuma duk unguwa Mama muke ce mata. Ta shigo shagona da hantsi, ta kwance hankici ta ajiye mini faifan CD guda ɗaya.

"Yarona, ka buɗe mini wannan. Mamana yana ciki," in ji ta, da irin Hausarta da ba ruwanta da bambance mace da namiji.

Sai da ta zauna na fahimci zancen. Marigayi mijinta malamin gona ne. Kimanin shekaru ashirin kafin wannan rana ya sayi wata 'yar rikoda mai tsawon yatsa, wadda ba ta amfani da kaset, ya riƙa yawo da ita ƙauyukan da ke kewayen Tagwai yana ɗaukar muryar tsofaffi. Cikin waɗanda ya ɗauka har da mahaifiyar Mama, tana rera waƙar da matan garinsu ke yi idan za a raka amarya. Rikodar ta ɓace tuni, tsohuwar ta rasu, shi ma ya bi ta, sai wannan faifai da ya kwafe komai a kai. Ga shi auren autar Mama saura kwana goma. Mama ta san farkon waƙar, ta san ƙarshenta, amma tsakiyar ta kuɓuce mata. Ta tambayi tsofaffin ƙauye, kowacce ta ce ta manta.

"Laifina ne," ta ce tana kallon ƙasa. "Na zo birni na yi boko, na bar shi ya ɓace."

Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina. Na ce mata ta ba ni minti biyar.

Minti biyar ɗin nan kwana uku ya zama. Faifan ya buɗe lafiya lau, ga fayil-fayil sama da talatin a jere, amma haruffa ukun da ke ƙarshen sunan kowanne ban taɓa ganin irinsu ba. Na gwada duk manhajar sauraren sauti da nake da ita. Wasu suka ce ba su san wannan abu ba, ɗaya kuma ta yarda ta kunna, sai dai abin da ya fito ƙara ce kawai, kamar ruwan sama a kan kwano. Na shiga intanet, na tarar kamfanin da ya ƙera rikodar ya daɗe da cire manhajarta daga shafinsa. Wani wurin da ya yi mini alkawarin zan samu, cuta ya sa wa kwamfutata, na ɓata yini guda ina wanke ta.

Abin da ya hana ni haƙura ba tausayi ba ne kaɗai, gaskiya. Mamaki ne ya kama ni. Kowane fayil yana da nauyinsa, wato akwai abu a ciki. Ta yaya murya za ta kasance a gabana, ina ganin girmanta da ranar da aka ɗauke ta, amma kunnena ya kasa kaiwa gare ta? Da kaset ne, ko ya tsinke sai a liƙa shi a ji saura. Wannan kuwa bai lalace ba, bai tsinke ba, ya dai yi shiru ne.

Wani abokin sana'ata ne ya ce in gwada wani tsohon injiniyan gidan rediyo da ke Maitumbi. Na san labarinsa. Yakan zagayo shagunanmu yana tambayar tsoffin faya-fayan da ke zuwa cikin kwalin na'urori, irin waɗanda muke zubarwa, mu kuma mu riƙa yi masa dariya idan ya juya baya. Na ji nauyin zuwa wurinsa, amma ba ni da wata dabara.

Ranar Asabar da safe muka hau keke mai ƙafa uku ni da Mama. Muka same shi a ƙofar gida yana ba kaji dusa, dogon mutum siriri da tabarau ɗaure da zare. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. Ya kai mu wani ɗaki a bayan gida. Ban taɓa ganin irinsa ba. Kwalayen taliya jere a kan katako tun daga ƙasa har rufi, kowanne cike da faya-fayai, kowane faifai da 'yar takarda manne a jikinsa. A gefe ga tsoffin kwamfutoci biyar masu ƙaton ƙeya, an lulluɓe su da zannuwan matarsa.

"Baba, duk waɗannan waƙoƙi ne?" na tambaye shi.

"Ko ɗaya babu waƙa a ciki, ɗana. Abin buɗe waƙa ne."

Yana neman kwalin da yake so yana yi mini bayani. Ya ce sauti abu ne mai cin wuri, na'urorin wancan zamani kuma cikinsu ƙarami ne. Don haka kowane kamfani ya ƙirƙiro tasa hanyar matse sauti ya shiga ɗan wuri, ya kuma ɓoye sirrin hanyar a cikin manhajarsa. In kamfani ya daina yin na'urar, sai ya watsar da manhajar, muryoyin mutane su zauna a matse ba mai warware su. Ya ce a gaban idonsa aka rasa hirarraki da yawa a wurin aikinsu ta wannan hanya, ba gobara, ba ambaliya, an dai canza kwamfutoci ne kawai. Tun daga lokacin ya fara tarawa.

Ya duba haruffa ukun nan, ya buɗe wani littafi da ya rubuta da hannunsa, ya bi layi da yatsa, ya sauko da kwali. Faifan farko ya karce, ya tsaya a rabin hanya. Na biyu ya shiga. Tsohuwar kwamfutar ta yi ta gurnani, sannan wani ɗan allo mai launin toka ya bayyana. Ya saka faifan Mama, ya danna fayil na farko. Sai ga wani kuka siriri mai sauri, kamar an tara tsuntsaye a buhu.

Mama ta dafe ƙirji. "Ya lalace ke nan?"

"A'a, Malama, ai magana ce wannan!" ya ce yana dariya. "Maigidanki mai tattali ne. Ya sa rikodar a kan ɗauka mai tsawo don ta ci hira da yawa. Wannan manhajar ƙanwa ce, ba ta san wancan tsarin sosai ba. Yayarta muke nema."

Ban taɓa sanin manhaja ɗaya na iya mantawa da abin da ta sani a baya ba, sai ranar. Yayar kuwa kwafi ɗaya tak yake da ita, a kan wani faifai da ya ce ya tsinto a kwandon sharar wani ofis. Ya goge shi da gefen rigarsa a hankali, ya yi bismilla, ya saka. Muka jira har ta gama shiga.

Da ya sake dannawa, sai muryar namiji ta cika ɗakin, tana gwada rikoda, ɗaya, biyu, uku. Mama ta riƙe gefen kujera. Muryar mijinta ce. Ta yi wa Baba alama da hannu ya ci gaba. Muka bi fayil-fayil ɗin ɗaya bayan ɗaya. Wani tsoho yana bayanin yadda ake tada kunyar doya, wani masunci yana lissafa sunayen kifi da yarensu, wani wurin kuma kukan awaki ne kawai da iska. Ni da ba na jin yaren ko kaɗan, na manta da yunwa.

Can wajen na goma sha tara sai wata tsohuwar murya mai kauri ta ɗauko waƙa, ana jin sautin taɓarya a bayanta. Mama ta miƙe tsaye, leɓɓanta na bin kalmomin. Aka zo daidai inda ta ce ya ɓace mata, ta ɗaga yatsa, muka kasa kunne. Sai tsohuwar ta tsaya. Ta yi tari, ta faɗi wata magana, ta fashe da dariya.

Na ga Mama ta koma kan kujera a hankali. Na ɗauka wani mugun abu ta ji.

"Mama, me ta ce?"

"Ya ce nan wurin shi ma ya manta. Ya ce kakansa ne ya sani," in ji Mama, tana nufin tsohuwar.

Muna cikin haka sai muka ji mijin yana lallashin surukarsa a cikin rikodar, ita kuma ta ci gaba da rerawa da wasu kalmomi. Mama ta saurara, sai ta kama dariya, hawaye na zuba. Ta ce nan take tsohuwar ta ƙirƙiri nata baitin ta cike gurbin, kuma a kan Mama ta yi shi: wai tana da 'ya mai taurin kai da ta tafi birni da littafi a ka maimakon tulu, amma duk inda ta je ƙafarta ta san hanyar gida.

"Shekara nawa ina zagin kaina," in ji ta tana share fuska da hankicin nan, "ashe tun kafin a haife ni ya ɓace."

Baba bai bar mu mun tafi ba sai da ya juya duk fayil-fayil ɗin zuwa irin sautin da kowace waya ke kunnawa, ya sa a filashi, ya sa a wayar Mama, ya ce in ajiye kwafi na uku a shagona. Da Mama ta buɗe jaka za ta biya shi sai ya girgiza kai. Abin da ya roƙa kawai shi ne ta bar masa fayil ɗin kukan awakin, don ya riƙa gwada manhajar da shi lokaci-lokaci ya tabbatar tana nan da rai.

Na je bikin. Matan cocin sun rera waƙar da baitin tsohuwar a tsakiya, Mama kuma ta ƙara nata guda ɗaya a kan amarya, wanda ya sa duk masu jin yaren suka yi ta shewa.

Abin da na koya shi ne, ajiye abu daban, adana shi daban. Mutum zai iya riƙe faifai shekara ashirin a ƙasan akwati yana ganin ya tsare muryar iyayensa, alhali abin da zai buɗe ta yana kwandon shara. Shi ya sa yanzu duk wanda ya kawo mini tsohuwar na'ura, kafin in taɓa ta nakan tambaye shi abu biyu: ina faifan da ya zo da ita, kuma yaushe rabonka da ka kunna abin da ke ciki ka ji da kunnenka?