Ranar da Na Wakilci Mutum Ɗari Uku da Ƙuri'a Ɗaya

Ko da zan manta duk abin da ya same ni a zaman Guangzhou ta ƙasar Sin, wata Asabar guda ba za ta fita daga kaina ba har in koma ga Allah. Shekaru sun wuce, gemuna ya yi fari, amma tana nan a raina kamar jiya. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, a aji uku na sakandare na ajiye biro na shiga kasuwa, don haka yadda abin ya faru zan faɗa, ba ado.

Jaka ce sana'ata. In hau mota da safe zuwa Shiling, garin masu ɗinka jaka, in zaɓi samfur a masana'anta, a ɗinka, a ɗaure, in tura Kano. Ina da ɗan ofis a benen Tianxiu, ɗakin da in mutum biyu za su yi salla sai an fitar da kujera. Ƙofa da ƙofa da ni akwai wani mutumin Kolombiya, gajere mai tumbi, shi ma jaka yake turawa ƙasarsu. Kowa ya gani sai ya ce masa "amigo", wato aboki a yarensu, har muka mayar masa da abinsa, sunan ya bi shi. Ni kuwa Alhaji ya gagari bakinsa, Alahi yake ce min.

Mutumin nan bai taɓa yi min komai ba, kuma ban taɓa ƙaunarsa ba. Kayan da nake turawa a wata ɗaya sun fi nasa na wata uku. Amma in muka sauko tare, mai gadi shi yake wa murmushi, ni sai ya kalli takalmina. Tsofaffin matan unguwa su tare shi a hanya suna ba shi lemo, ni su matsa gefe. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Duk Asabar shi da 'yan uwansa masu Sifaniyanci, na Kolombiya da Peru da Benezuwela, sukan sa wata jar riga marar hannu ta 'yan sa-kai, su bi tsofaffin nan suna tsintar guntun sigari a bakin titi, suna tsallakar da mutane.

Wata rana na tare shi da rigar a jikinsa, na ce, "Amigo, jirgi ka hau tun daga Kolombiya ka zo shara?"

Ya yi dariya, ya ce da guntun Turancinsa, "Alahi, zo mana. Akwai riga daidai kai."

Na ce, "Allah ya sawwaƙe. Ko a gidan ubana ba a san ni da tsintsiya ba."

Ana nan sai ofishin unguwa ya lilliƙa takarda a ƙofofinmu. Sun fito da shiri na taimakon ƙananan 'yan kasuwa baƙi. Akwai wani ɗaki a ƙasan bene, yana kallon titi, gabansa duk gilashi, da kantocin jera kaya bango biyu. Za su ba wa al'umma ɗaya daga cikin baƙin unguwar kyauta, tare da tafinta kwana uku a mako, da wanda zai riƙa taimakawa wajen takardun rajistar kamfani. Duk wanda ya san harkarmu ya san abin da wannan ke nufi. Baƙo ya sauka daga Kano, maimakon ka yi ta jan sa hawa-hawa, ka kai shi wuri ɗaya ya ga samfurin kowa. Masana'anta ta ɓata maka ɗinki, ga wanda zai yi maka faɗan da yarensu. Takardar ta ce a zo taro ranar Asabar, a ji ta bakin kowace al'umma.

Bayan sallar Juma'a muka taru a wajen mai tuwon da muke ci. A lokacin ni ne gaba a cikin Hausawan wurin, in an yi rasuwa ko rigima ni ake nema. Akwai wani ɗan Damagaram mai sayen takalma, sa'an ƙanena, wanda Sinanci ya zauna a bakinsa fiye da kowa a cikinmu. Shi ya fara magana.

"Alhaji, ni a ganina mu tafi dukanmu. Mutanen biron nan na san su, kai suke ƙirgawa."

Na ce, "Kai, ina ka taɓa ganin gari ya tashi kakaf ya je gaban hukuma? Babba ake turawa ya yi magana da yawun kowa. Ko a Damagaram ɗin ba haka ake yi ba?"

Wani daga baya ya ce, "Gaskiya ne. Kuma wa zai kai kansa inda ake rubuta suna da lambar fasfo?"

Nan fa kowa ya samu abin da yake so. Wannan yana da lodi ranar Asabar, wancan zai je Shiling. Aka ɗaga hannu aka yi addu'a, aka ce, "Alhaji, mun wakilta ka, Allah ya ba da sa'a."

Yanzu da na tsufa zan faɗi abin da ban faɗa ba a ranar. Ba al'ada ce ta dame ni ba. Mukullin ɗakin nake so a hannuna. Kuma na san in ɗan Damagaram ya je ya buɗe baki da Sinanci, shi za a kalla, ni in zama ɗan rakiya. Shi ya sa na danne shi.

Ranar Asabar na ɗauko babbar rigar shadda da na ajiye don salla, na kafa hula, na fesa turare. Ina tafe a titi ana waiwaye, ni kuwa ina ta maimaita jawabina a zuci. Da na tura ƙofar zauren taron sai na tsaya cik. Mutanen Amigo sun cika wurin. Maza, mata, masu goyo, har da wata tsohuwa da aka turo a keken guragu, surukar Amigo ce. Sun zo da kofi a fulas da wani soyayyen abu suna rarrabawa, surutu kamar gidan biki. Can gefe ga 'yan tsiraru daga wasu ƙasashe. Hausawa kuwa, da muka fi su yawa a unguwar nesa ba kusa ba, ni kaɗai.

Matar da ke jagorantar taron, wata mai tabarau, ta zo da takarda ta ce, "Laoban, ina mutanenka? Suna hanya?"

Laoban ɗin ya yi min daɗi, maigida ke nan a bakinsu. Na bugi ƙirji na ce, "Ni ne su. Mutum ɗari uku ke cikin rigar nan."

Ta dubi rigar, ta dube ni, ta nuna min layi ɗaya a takarda ta ce in sa hannu.

Da aka zo jawabi, wallahi na yi ƙoƙari. Na faɗi shekarun da muka yi a unguwar, da kwantenonin da muke fitarwa, da yadda rabin shagunan Shiling suka san "sannu". Aka tafa min sosai. Amigo ya tashi bayana, bai yi minti biyu ba, ya ce ga mutanensa nan, kowa an san fuskarsa, ya zauna. Na ce a raina, wannan ai na gama da shi.

Sai aka ɗauko allo, an tsaga shi gida-gida, kowace al'umma da gidanta. Matar ta bi mu tana ba kowane baligi wani ɗan jan tambari mai gam, bai kai kwabo girma ba. Wai kowa ya je ya manna a gidan da yake so a ba ɗakin. Da ta zo kaina ta ɗora min guda ɗaya a yatsa.

Na ce, "Madam, ɗari uku za ki ba ni."

Ta ce, "Meiyou. Mutum ɗaya, guda ɗaya."

"Ai wakilta ni aka yi. Da addu'a ma."

"Su zo, in ba su."

Meiyou ɗin nan na sha jin sa a shaguna, babu ke nan, amma ban taɓa jin wanda ya yi min ciwo irin na ranar ba. Ina tsaye da shaddata ina kallo gidan su Amigo yana cika da ja. Har tsohuwar nan aka tura ta gaban allo, ta manna nata a karkace, aka yi shewa. Na je na manna nawa a tsakiyar gidanmu. Fili fetal, ga ɗigo ɗaya.

Amigo ne na ƙarshe. Ya zo gaban allo, ya kalli nasu, ya kalli namu, sai ya miƙa hannu ya manna nasa kusa da nawa. Ya juyo ya ce, "Kada ya zauna shi kaɗai, Alahi."

Mutanensa suka fashe da dariya suna tafi, matar ofis ma ta tafa. Na rantse da ya tsinka min mari da ya fi min sauƙi. Ga shi ya ci ɗaki, ga shi kuma ya ci yabo a kaina. Mutumin da nake wa dariyar tsintar sigari, yau shi ke da rarar da zai yi min kyauta da ita a bainar jama'a.

A bakin ƙofa ya riƙo hannun rigata. "Alahi, ɗakin ya yi mana yawa. Bango biyu ne. Ku ɗauki ɗaya, ku kawo samfurinku. Tafintan ma na kowa ne, na tambaye ta, ta yarda."

Na fizge hannuna na ce, "Mu ba ma karɓar saura."

Da yamma mutanenmu suka cika ofishina har waje. Na zauna, na cire hula, na girgiza kai na ce, "Ku bar maganar. An gama komai tun kafin in je. Farar fata suka bi." Nan take aka hau tsaki da Allah ya isa. Maganar ta shige su da sauƙi, don kowannenmu ya taɓa ganin irin haka a tasi ko wajen neman haya. Na ɗauki ciwon da yake na gaskiya na rufe ƙaryata da shi. Zancen allo ban yi ba. Zancen bangon da aka yi mana tayi kuwa, ko kusa.

Mako biyu ƙaryar ta yi. Ranar Juma'a a wajen mai tuwo, ɗan Damagaram ya bari har aka gama wanke hannu, sannan ya fito da wayarsa ya miƙa wa Baba, wani dattijo ɗan Kano da ya girme mu duka, mai sayen yadi. Hoton allon ne, ofishin unguwa sun sa a zaurensu na waya. Wayar ta riƙa yawo hannu zuwa hannu.

Wani ya ce, "To ɗaya na Alhaji ne. Na biyun fa?"

Ɗan Damagaram ya ce, "Na Amigo ne. Jiya muka haɗu a lifta, yake tambayata me ya sa muka ƙi bangon da ya ba mu. Na ce wane bango?"

Na yunƙura zan yi magana, Baba ya ɗaga min hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, ƙuri'ar da ka rasa laifinmu ne, mu muka zauna a gida. Wannan mun ɗauka. Amma bangon da ka ƙi, da wa ka yi shawara?"

Na ce, "Baba, mutuncinmu na kare."

Ya ce, "Namu ko naka?"



Washegari su goma sha wani abu suka tashi tare, Baba a gaba, ɗan Damagaram na yi musu tafinta, suka je wajen Amigo suka ba shi haƙuri, suka karɓi bangon. Ba wanda ya ƙwanƙwasa min ƙofa, alhali ta gabanta suka wuce. Ina ciki ina jin dariyarsu ta bango. Daga ranar ba a sake cewa "Alhaji, mun wakilta ka" ba. In an yi rasuwa yanzu, a waya nake gani kamar kowa.

Ɗakin yana nan har gobe. Bango ɗaya kayan masu Sifaniyanci, ɗaya na Hausawa: takalma, yadi, jaka. Jakata ce kawai babu. Ɗan Damagaram ya yi rajistar kamfaninsa ta nan, yanzu har da ma'aikata. Wata Hajiya da ta shekara bakwai tana sayen jaka a hannuna, aka kai ta can ta ga samfurin wani yaron shagona na da, tun daga nan sai gaisuwar salla. Amigo sau biyu yana aiko min cewa an bar min kanta. Ban je ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce zuciyata ta wanke ba. In na hango shi a bayan gilashin nan yana shan kofi da mutanena, suna ce masa amigo yana ce musu "sannu da aiki", har yanzu tsallaka titi nake yi.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne, amma ga shi. A inda ake ƙirga mutane, girmanka da yawan kwantenarka ba sa cike gurbin wanda bai zo ba, kuma wanda ya saba fitowa a ƙaramin aikin unguwa shi ake sani ranar babban rabo. Wannan kowa zai iya koya a rana ɗaya. Wanda ya fi min tsada shi ne na biyu: ɗakin da na rasa a gaban allo, an mayar min da rabinsa a bakin ƙofa, ni da kaina na yar, don kawai daga hannun wanda nake ƙyashi ya fito. In mutane suka ɗora maka amanarsu, ka bar hassadarka a gida, don in ka tafi da ita, ita za ta yi magana a madadinsu.