Haƙoran da Iyatu Ta Tsinta a Gonar Albasa

A wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, duk yaron da haƙorinsa ya fara girgiɗi, gidan Iyatu ake tura shi. Ba ungozoma ba ce, ba ta kuma ba da magani, sanyin hannu kawai Allah ya ba ta. Sai ta ɗora yaro a cinya, ta ɗaura zare, ta ce, "Wa ke sallama a zaure?" Kafin ya juyo, haƙori yana tafin hannunta. Ta ba shi ruwan gishiri ya kurkure, ta ce ya jefa haƙorin bisa soro, ya kuma rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin, don in ya gani sabo ba zai fito ba.

A bakin 'yarta Barira ta fara wannan aiki. Cikin duk haihuwar da Iyatu ta yi, Barira kaɗai ta kai shekarun famfara. A tsohuwar unguwa ta jefa haƙorinta na fari, bisa soron kakanta. Ba a jima ba ma'aikatan ruwa suka zo da katafila, aka tashi unguwar, aka baje gidaje, aka haƙa kanal, aka sako ruwan madatsar Tiga. Wata safiya Barira ta je wanke ƙwarya a bakin kanal, santsin siminti ya kwashe ta. Sai da la'asar aka tsamo gawarta.

Da aka raba gonaki, rabon Uba, mijin Iyatu, ya faɗa daidai inda unguwar take a da. Shekaru suna nomawa ba abin da ya faru. Ranin 1984 ne, tana taya shi dashen albasa, yatsanta ya taɓa wani abu a cikin laka. Ta ɗauraye shi, ya fito fari, ɗan mitsitsi.

"Malam, zo ka gani."

Uba ya juya shi a hannu. "Na ɗan akuya ne, yar da shi."

"Ni za a gaya wa haƙorin ɗan mutum?"

Amma shi ma ya gane. Sorayen da aka baje suna cikin ƙasar nan, da duk abin da yaran unguwar suka jefa a kansu tun zamanin kakanni.

Daga ranar, in aka yi ban ruwa ƙasa ta yi laushi, sai ta sake tsintar wani. Ta ƙulle su a bakin zane. Takan zauna a kan kunyar gona ta baje su a tafi tana dubawa, amma duk kamarsu ɗaya, ta rasa wanne ne na Barira. Da tsakar rana kuma, in mutane sun watse zuwa sallar azahar, takan ji dariyar yarinya a bayanta, irin wadda ake yi da hannu a baki. In ta waiga, sai albasa da ruwa yana gudu.

Uba ya kai maganar wurin liman. Liman ya ce a binne, a yi addu'a. Ta binne a gindin ɗorawar da ke kan iyaka, ta yi addu'ar. Dariyar ba ta daina ba. Ita kuma ta daina sa fartanya a wannan ɓangare, da yatsu take cire ciyawa. Da Uba ya ce su yi musayar gonar da maƙwabci, ta ce, "Ka tafi in za ka tafi, Malam. Ni ina nan."

Wata rana ta cire wa Zuliha, jikar maƙwabciyarta, haƙori. Yarinyar ta tofar da ruwan gishiri ta ce, "Iya, an ce kina da 'ya. Nata sabon ya fito?"

Iyatu ta daɗe tana naɗe zaren a yatsa.

"Ya fara leƙowa," in ji ta. "Da na yi mata wankan ƙarshe na gani."

Bayan daminar 1988 Iyatu ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Uba bai sake taka gonar ba. Ya bar wa ƙaninsa, shi kuwa ya sa shinkafa, ruwa ya kwanta a kanta.