Adashen Baba Bitrus da Kuɗin Sefa

Duk wani tela a Kakuri ya san Baba Bitrus mai gyaran keken ɗinki. Dogo ne siriri, kullum da 'yar gorar man keke a aljihun gaba. Daga Pankshin ya zo yana saurayi, ya yi shekara goma sha tara yana gyaran injin saƙa a masaƙa, har ranar da aka garƙame ƙofar aka ce kowa ya kama gabansa. Bai koma gida ba. Ya sayi akwatin sifana ya shiga bin shagunan teloli.

'Yarsa ɗaya ce, Becky, kuma a kanta ya tattara duk abin da ya rage masa na buri. Sau uku tana neman gurbin karatun jinya a nan gida ba ta samu ba, sai ya tura ta wata makaranta a Kwatano. Makarantar kuwa ba ta san naira ba, sefa take karɓa. Duk shekara sai ya hau Keke Napep zuwa Tudun Wada wurin Malam Zakariyya'u ɗan canji, ya zube masa naira, shi kuma ya kira ɗan'uwansa a can ya biya makaranta. Haka aka lallaɓa shekara uku. Saura ta ƙarshe, sefa dubu ɗari huɗu da hamsin.

Kuɗin daga adashe suke fitowa. Su goma sha biyu ne, duk tsofaffin ma'aikatan masaƙa, kowa na zuba dubu hamsin a wata. A 2023 ƙuri'a ta ba Baba Bitrus ɗaukar watan Afrilu. A lokacin sefa dubu ba ta wuce naira dubu ɗaya da ɗari biyu da 'yan kai ba, ɗaukar za ta biya makaranta har a samu na sabulu.

Sai iska ta yaye rufin gidan Benson, ɗaya daga cikin 'yan adashen, wanda ɗaukarsa ce ta ƙarshe, ga damina ta kawo kai. A tsakanin mutanen nan akwai al'ada tun zamanin masaƙa: in ɗaya ya shiga matsi, wanda ɗauka ke hannunsa yakan yi musaya da shi, kuma ba a ƙara ko kwabo a kai. Benson bai ma buɗe baki ba Baba Bitrus ya ce, "Ɗauki tawa. Makaranta ta ce a biya kafin jarrabawar ƙarshe, ai sai baɗi." Aka tafa masa. Ni dai ban ga laifinsa ba, kuma har yau haushin abin nake ji. Mutumin da ya saba da ƙarfe, wanda in ka ajiye shi yau haka za ka same shi baɗi, ina zai san kuɗi na ramewa a ajiye?

A watan Yuni aka ce gwamnati ta saki naira ta nemo farashinta a kasuwa. Baba Bitrus ya ji a rediyo yana gyaran keken wata tela, bai ko ɗaga kai ba. Maganar dala ce, shi kuwa bai taɓa riƙe dala ba. Sai a watan Nuwamba da ya biya ta Tudun Wada gaisuwa, Zakariyya'u ya faɗa masa farashin sefa, sai Baba Bitrus ya nemi benci ya zauna.

"To Malam, me ya haɗa sefa da dala?"

"Baba, sefa ba ta motsa ba, ita a jikin kuɗin Turawa take ɗaure. Tamu ce ke faɗuwa. Kowa kayan waje yake saye, daga shinkafa har atamfa, kowa na neman kuɗin waje. Mu kuma ban da mai, me muke sayar musu?"

Wannan ta yi masa zafi. Ya tuna lokacin da fataken Kwatano ke kwana a ƙofar masaƙa da sefa a jaka suna roƙon a sayar musu da yadi. Ya tambaya ko sefa za ta sauko. Zakariyya'u ya ce shekararsa ashirin a kan wannan benci, bai taɓa ganin ta koma inda ta baro ba, amma Allah ne masani.

Ya yi tunanin zuwa wurin Benson, kunya ta hana shi. Da ma me Benson zai ba shi? Kuɗin sun zama kwano a saman ɗaki. Ya ci gaba da zubi duk wata, yana tambayar farashi duk mako kamar mai duba majinyaci.

Ɗaukarsa ta zo ƙarshen Fabrairu, dubu ɗari shida cif, babu wanda ya cuce shi ko sisi. Ranar sefa dubu ta haura naira dubu biyu da ɗari biyar. Ya sayar da kekunan ɗinki biyu da ya ajiye, mata a coci suka yi masa karo-karo, duk da haka abin bai kai kashi biyu cikin uku ba. Makaranta ta ce ba ta karɓar rabi, wanda bai cika ba ba zai zauna jarrabawa ba, in kuma zai maimaita shekara sai ya biya sabuwa.

Ya daɗe a tsaye gaban Zakariyya'u da ledar kuɗin a hammata. Tsoro yake ji, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka rufe masaƙa. Daga nan ya ciro waya ya kira Becky, ya faɗa mata komai bai ɓoye ba.

"Baba, wata huɗu fa ya rage," in ji ta.

"Na sani, 'yata."

Ba ta yi kuka ba. Da ya kashe wayar, Zakariyya'u ya tambaye shi a hankali nawa za a canza.

Baba Bitrus ya kwance ledar, ya zaro kaɗan daga sama ya miƙa masa.

"Na mota kawai. Daga Kwatano zuwa gida."